Jaki Ba Saniya Ba Ne

Kafin wani ya riga ni kawo muku labarin ya ƙara masa gishiri, gara ku ji daga bakina. Eh, ni ce yarinyar nan ta Gadarif da ta fito bakin titi ranar neman aurenta, sanye da tob ɗin uwarta, wato lafaya, ta zura wa jaki roba a hanci. Ba ƙarya aka yi min ba. Abin da ban yarda da shi ba kawai shi ne masu cewa iskokai ne suka taɓa ni. Da hankalina na fita, kuma da hankalina nake ba ku labari.

Sunana Manahil. Shekara huɗu na yi a Bahri ina karatun likitan dabbobi, saura ɗaya in gama yaƙi ya koro mu gida, ni da jaka guda da silifas. Tun daga lokacin nake bin wata likita, Dakta Ruqayya, a ɗan shagonta kusa da kasuwar dabbobi. In riƙe mata akuya, in wanke mata kayan aiki, ina jiran ranar da za a kira mu jarrabawa. Yumma, wato mahaifiyata Hajo, ba ta taɓa kiran abin nan aiki ba. "Wasan kashi" take ce masa.

Nu'uman kuwa makanikin tarakta ne a gonar baffansa, can wajen Fau. Maraya ne, baffan nan nasa Hajj Suleiman, wanda yake kira Ammu, shi ya raine shi tun yana ɗan shekara biyar, shi ya sa ko tari Hajj Suleiman ya yi sai Nu'uman ya duba ko umarni ne. Ina son sa, ba zan ɓoye muku ba. Ina son yadda yake karkata kai in ina magana, kamar yana sauraron inji. Kuma bai taɓa toshe hanci ba in ya tarar da ni na taso daga shago, ni ma ban taɓa yi masa gorin baƙin mai ba.

Ranar Alhamis ce, an gama girbin dawa, danginsa za su zo neman aurena, abin da mu nan muke ce wa golat alkher. Tun da hantsi gidanmu ya rikice. An share tsakar gida an yayyafa ruwa, an fito da gadajen igiya ƙarƙashin rumfa an rufe su da zannuwa masu fure waɗanda ba a taɓa su sai Sallah. Yumma ta soya kofi da kanta ta daka shi da citta, ta cika faranti da gugguru da dabino, turaren wuta kuwa har sai da idona ya yi ruwa. Ta buɗe akwatinta ta ciro tob ɗinta ruwan zuma mai ɗigon zaiba a gefe, wanda ko ni ban taɓa ganin ta sa ba sai a hoto, ta naɗa min shi tana ja tana gyarawa.

"Ya bitti, 'yata, ki saurare ni da kyau," ta ce, fil a bakinta. "Ba ki fitowa sai an kira ki. Kuma wallahi in na ji kalmar hanji ko tumbi ta fito daga bakinki yau, ni da ke ne."

"Yumma, wa zai tambaye ni hanji a wajen neman aure?"

"Wa ya tambaye ki ranar Babbar Sallah?"

Nan kam ta kama ni. Ranar ana cin miyar kayan ciki, ni kuma baki ya ƙi zama, na riƙa ɗago yanka-yanka da cokali ina nuna wa mata. Na ce wannan mai kama da tawul shi ne babban tumbi, inda ciyawa ke jiƙa. Wannan mai saƙar zuma shi ne ɗaki na biyu, ga na uku mai shafi-shafi kamar littafi, na huɗun nan mai santsi shi ne cikin gaskiya irin namu. Na ce raƙumi da duk girmansa uku gare shi, kaza kuma da ba ta da haƙori tsakuwa take haɗiya ƙundunta ya niƙa mata. Ban kai ƙarshe ba gwaggona ta ture kwano ta ce ta ƙoshi. Yumma ba ta yafe min ba har yau.

Ana kiran la'asar wayata ta yi ƙara. Saƙon Nu'uman ne.

"Mun taso. Ni zan kawo su, amma a mota zan zauna, kin san al'ada."

Na tura masa hoton gefen tob ɗin kawai, don ya ji kwaɗayi.  Sai ga wani saƙon.

"Manahil, akwai abin da ban gaya miki ba. Kada ki yi fushi."

"Ina jin ka."

"Na ce wa Ammu kin bar harkar dabbobi tun da yaƙi ya tashi."

Na karanta sau uku. "Ka ce masa me?"

"Da na faɗi gaskiya ba zai tako ƙafarsa gidanku ba. Ya ce macen da ke sa hannu a cikin dabba ba za ta tuƙa masa tuwo ba. Yau kawai, don Allah. A yi Fatiha tukuna, sauran ni na san yadda zan yi da shi."

Jama'a, raina ya ɓaci ƙwarai. Na rubuta masa magana mai tsawon gaske, har da tambayar ko shi ma na ce wa Babana ya bar taɓa inji. Na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa. Daga ƙarshe "To" kawai na tura. Na ce a raina yini ɗaya ne, ko azumi ma ana kai shi. In an shafa Fatiha, ni da shi za mu zauna.

Suka iso su huɗu. Ta ɓular taga na leƙa su. Hajj Suleiman ba ya ɓuya: dogo, jallabiya fara ƙal, rawani kamar an ɗora masa kwando, da sanda mai kan azurfa wadda ba dogarawa yake da ita ba, nuni yake da ita. Babana, Jatau, ya tarbe su da fara'a, aka zauna ƙarƙashin rumfa. Aka sha kofi zagaye na farko ana maganar damina, aka sha na biyu ana maganar riɗi. Hajj Suleiman ya gyara murya ke nan zai shiga abin da ya kawo su, sai muka ji kuka a ƙofar gida.

"Ya Jatau, ka fito! Jakina zai mutu."

Khalti Bakhita ce, maƙwabciyarmu. Mijinta ya rasu shekara uku da suka wuce, ya bar mata 'yan mata uku da jaki ɗaya da kurar ruwa. Da jakin nan take zaga unguwa da ganga tana sayar da ruwa, da shi ake ɗora tukunya a gidanta. Ruwan da aka yayyafa a tsakar gidanmu ranar ma shi ya jawo shi. Ashe da ta kwance shi da hantsi ya tauna igiyarsa, ya samu buhun sabuwar dawa da aka ba ta sadaka, ya yaga shi ya ci iya cinsa, ya bi da ruwa.

Maza suka fita gaba ɗaya, har baƙin. Ni kuma na saɗaɗa zuwa bayan ƙyauren gida, inda langa-langa ya tsage. Jakin yana tsaye a bakin titi, gumi ya jiƙa shi sharkaf, ciki ya kumbura. Ya tona ƙasa da ƙafa, ya waiga ya dubi cikinsa, ya durƙusa zai yi birgima, Khalti Bakhita ta ja shi ya miƙe da ƙyar. Da ganinsa na san abin da ke faruwa. Dawar nan ta jiƙa tana tsami a ɗan ƙaramin cikinsa, iska tana taruwa, shi kuma jaki Allah bai yi shi da amai ba. Abin da ya shiga ya shiga ke nan, ƙofar ba ta buɗuwa ta baya.

Baba ya zagaya shi sau ɗaya, ya buga kwiɓinsa na hagu da yatsa. Sai na ji ya ɗaga murya.

"Hajo, miƙo min wuƙar nan da bututun gora."

Huda shi zai yi ke nan.

Bari in gaya muku wane ne Babana, don kada ku zage shi a ranku. Kakanninsa da shanu suka shigo ƙasar nan daga yamma. Shanun suka ƙare, ya koma noman dawa, amma hannun makiyayi bai bar shi ba. Daga Hawata har Basunda, in saniya ta afka gona cikinta ya kumbura, Jatau ake nema. Zai auna tafi ɗaya a ramin kwiɓin hagu, ya soka wuƙa sau ɗaya, ya sa bututu, iska ta fito fuu, saniyar da ake shirin yankawa ta tashi tana kaɗa jela. Da idona na ga ya yi, kuma shi ya sa na zaɓi karatun da na yi. A saniya daidai ne, domin babban tumbinta yana manne da fatar wurin, ba abin da ya raba su.

Amma Babana ya san cikin saniya ne saboda ya feɗe ta sau ba adadi. Ya feɗe rago, ya feɗe akuya, ya feɗe raƙumi. Jaki fa? Wa ke feɗe jaki a garinmu? In ya mutu, igiya ake ɗaura masa a ja shi bayan gari a bar wa ungulu. Duk dattawan da ke tsaye a wurin babu wanda ya taɓa ganin cikinsa, ni kaɗai ce, a ɗakin gwaji, da hanci a ɗaure. Kuma na san abin da ke ƙarƙashin kwiɓin nan na hagu: babu tumbi, hanji ne a nannaɗe. In wuƙa ta shiga, ƙazanta za ta zube masa a ciki, kwana biyu ba zai yi ba.

Yumma ta fito daga ɗakin Baba da wuƙar a hannu. Na tare ta.

"Yumma, kada ki ba shi. In ya huda jakin nan ya mutu."

"Matsa min."

"Ki raɗa masa a kunne kawai, ki ce in ji ni. Ba sai na fita ba."

"In je gaban baƙi in ce wa ubanki 'yarsa ta fi shi sani? Aib, abin kunya ne, ya Manahil. Shekara arba'in yana wannan aikin. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Koma ɗaki."

Ta wuce ta miƙa wuƙar ta bakin ƙofa. Na zaro waya na rubuta wa Nu'uman. Ina hango shi, ya fito daga mota yana tsaye bayan baffansa.

"Ka hana Baba. Jaki ba a huda shi a nan."

Na ga ya duba wayar, ya dubi ƙofarmu, ya sunkuyar da kai yana rubutu.

"Ni? A gaban Ammu? Manahil ki zauna don girman Allah. Saura kaɗan a gama."

A waje ina jin Hajj Suleiman yana cewa, "Ma sha Allah, yau za mu ga hannun Jatau da ake ba mu labari." Baba yana wasa wuƙar a dutsen bakin ƙofa, shuu, shuu. Khalti Bakhita tana ta sa masa albarka.

Ban san ko minti ɗaya na yi a tsaye ba, amma na auna komai. In na fita, ƙaryar Nu'uman ta tonu, auren da nake so ya shiga garari, kuma na kunyata ubana a gaban mutanen da ya yi kwana uku yana shirin tarba. In na zauna, za a shafa Fatiha, a yi guɗa, jibi kuma in ga Khalti Bakhita da tulu a ka. Kuma duk ranar da na wuce ƙofarta zan san ina da bakin magana na yi shiru. Tsoro na ji, ba kaɗan ba. Amma na shiga ɗaki, na durƙusa na jawo jakar aikina daga ƙarƙashin gado, inda Yumma ta tura ta da safe.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ture ƙyauren na fita.

 Na je gaban Baba na durƙusa har ƙasa, tsakaninsa da jakin, na yi ƙasa da murya yadda na iya.

"Baba, ka gafarce ni. Ina da magana."

"Koma ciki, Manahil."

"Baba, tambaya ɗaya ce. Duk tsawon zamanka da dabbobi, ka taɓa ganin jaki ya kwanta yana tuƙa?"

Ya dube ni. 

"Saniya tana dawo da abincinta baki ta sake taunawa, saboda tana da rumbun da take ajiye shi, shi ne kake hudawa. Jaki ba shi da rumbun nan. Cikinsa ɗaya ne, ɗan ƙarami, aikin ciyawar duk a can baya ake yin sa, a manyan hanji. Ka sa kunnenka a nan, Baba. In ka ji rugugin nan da kake ji a saniya, ni da kaina zan riƙe maka shi."

Wani daga cikin baƙin ya yi 'yar dariya. Hajj Suleiman bai yi ba. Ya nuna ni da sandarsa, amma Nu'uman yake kallo.

"Wannan ita ce wadda ka ce ta bar aikin?"

Nu'uman ya kau da kai.

Baba ya daɗe a tsaye da wuƙa a hannu. Jijiyar goshinsa ta tashi, na san ransa ya ɓaci, kuma na san da a cikin gida ne da ya sallame ni da kalma ɗaya. Sai ya sunkuya, ya ture hularsa gefe, ya manna kunnensa a kwiɓin jakin. Ya saurara. Ya matsa gaba kaɗan ya sake saurarawa. Da ya ɗago bai dubi kowa ba, ya mayar da wuƙar kubenta.

"To me za a yi masa?" ya ce, muryarsa a bushe.

Ɗaya daga cikin baƙin ya ce a ɗura masa man riɗi da kwalba. Na ce a'a, in aka ɗaga kansa aka ɗura, huhu man zai tafi. Na buɗe jaka na ciro allurar rage ciwo na yi masa a jijiyar wuya, sannan na fito da doguwar robar da Dakta Ruqayya ta ba ni. Na tattare tob ɗin Yumma na ɗaure a ƙugu kamar mai shirin daka. Daga bayan ƙyaure na ji Yumma ta yi salati.

"Ina son wanda zai riƙe min kansa," na ce.

Nu'uman na duba, ba zan yi muku ƙarya ba. Ya ɗaga ƙafa, ya yi taku ɗaya. Hajj Suleiman ya ce, "Nu'uman." Sunan kawai ya kira, bai ƙara komai ba. Nu'uman ya tsaya a inda yake, ya sa hannuwansa a baya. Abin ya yi min ciwo fiye da yadda zan iya faɗa, amma ba ni da lokacin jin ciwo.

Khalti Bakhita ta rungume wuyan jakinta. Ƙarfinta bai isa ba, yana fizgewa. Sai na ga hannun Baba ya zo ya damƙe leɓen jakin na sama, ɗaya hannun ya kama kunne, irin riƙon da dabba ke sanin ta gamu da mai ita. Jakin ya tsaya cak.

Na shafa wa robar mai, na yi Bismillah, na zura ta ƙasan hancinsa a hankali. Sau biyu na taɓa yin wannan a rayuwata, duka biyun Dakta tana tsaye a kaina. Na jira ya haɗiya, na tura. Na sa yatsa a gefen wuyansa na hagu, na ji robar tana wucewa ƙarƙashin fata, na san hanyar abinci ta bi, ba ta iska ba. Hancinsa ya ɗan yi jini ya ɗiga min a hannu. Na ci gaba da turawa, ina karanta duk addu'ar da na sani.

Sai iska ta taso ta cikin robar, da wani wari kamar ƙullun da ya kwana uku. Bayanta ruwa mai tsami ya biyo, da dawa a ciki, ya feso min daga ƙirji har ƙafa. Baƙi suka ja da baya, Hajj Suleiman ya tattare jallabiyarsa ya toshe hanci da gefen rawani. Na sa aka ɗebo ruwa daga gangar jakin, na zuba ta mazurari, na sauke robar ya dawo, na sake zubawa, har ruwan ya fara fitowa da haske. Sannan na zuba masa man farafin na sassauta hanji, na lanƙwasa bakin robar na zare ta.

"Khalti, kada ki bar shi ya kwanta ya yi birgima, a riƙa zagayawa da shi a hankali. Kada ya ci komai sai na ce. In ya tsaya, ƙafafunsa a cikin ruwan sanyi, don zafin dawa yana sauka a kofato."

"Zai tashi, ya bitti?"

"Ban sani ba tukuna. In ya yi kashi, mun gode Allah."

Da na juyo, baƙi sun riga sun nufi mota. Hajj Suleiman ya tsaya ya ba Baba hannu, da ladabinsa da komai.

"Ya Jatau, kofinku ya yi daɗi. Za mu yi magana."

Ba a shafa Fatiha ba. Nu'uman ya buɗe wa baffansa ƙofa, ya zagaya ya shiga, bai dubi inda nake ba. Ko ya duba ban gani ba, don ni ma na ƙi ɗaga kai.

A cikin gida Yumma tana wanke kofuna ɗaya bayan ɗaya, tana jera su kamar za a sake amfani da su. Na tsaya a gabanta da tob ɗin da ya lalace, ina jiran faɗa. Da ta yi faɗan ma da ya fi min sauƙi.

"Cire ki jiƙa shi," ta ce kawai. Can ta ƙara, ba ta dube ni ba, "Ba tob ɗin nake ji ba, Manahil. Yaron nan mutumin kirki ne, kuma irin sa ba su da yawa yanzu."

Na shiga bayi na yi kukana, na wanke fuska, na sa doguwar rigar aiki na koma wajen jakin. Muka yi ta zagaye da shi ni da Khalti Bakhita, daga ƙofarta zuwa bishiyar darbejiya mu dawo. Rana ta yi ja, ana shirin kiran magariba, sai ya tsaya ya ɗaga jela, ya saki iska mai ƙara, kashi ya biyo baya. Khalti Bakhita ta ɗaga kai ta rangaɗa guɗa har mata suka leƙo. Guɗar da aka tanadar wa neman aurena ke nan, kashin jaki ya samu. Na yi dariya, hawaye kuma yana zuba.

Ina tsugune ina taɓa kofatansa ko sun yi zafi, Baba ya zo da butar alwala ya tsaya a kaina. Na miƙe da sauri.

"Baba, ka yafe min. Ban so in yi maka haka a gaban mutane ba."

 Jakin yake kallo.

"Doki ma haka cikinsa yake?"

"Haka yake, Baba. Su ɗaya ne."

 Sannan ya ce, a hankali, "Shekarar da aka haife ki, a Hawata, wani bawan Allah ya kawo min goɗiyarsa ta kumbura. Na huda ta. Ta kwana biyu ta mutu. Na ce masa kwananta ne ya ƙare, ya yi min godiya ya tafi." Ya juyo ya dube ni. "Ni ne?"

Na so in ce masa a'a. Wallahi na so. Amma mutumin da ya sa kunnensa a kwiɓin jaki a gaban surukai saboda maganata, bai cancanci in yi masa ƙarya ba.

"Ba ka sani ba, Baba. Ba wanda ya taɓa buɗe maka cikin doki."

Ya gyaɗa kai, ya ce "Astagfirullah" sau biyu, ya ɗauki butarsa. Ya yi taku kaɗan ya tsaya, bai juyo ba. "In kin yi sallah ki sake duba ƙafafun nan," ya ce, ya wuce masallaci.

Bayan na idar da sallah ne saƙon Nu'uman ya shigo. Dogo ne, ga shi yadda yake:

"Manahil, na san na ba ki kunya yau. Malesh, ki yi haƙuri. Na yi ta roƙon Ammu tun a hanya. Ya ce ya yarda su dawo Juma'a mai zuwa, da sharaɗi ɗaya: ki ajiye jakar nan gaba ɗaya, ba shago, ba jarrabawa. Ki ce to kawai, kamar ɗazu. In an ɗaura, komai zai yi sauƙi. Me zan ce masa?"

Kamar ɗazu. Wato ya ga na iya cewa "to" sau ɗaya, ya ɗauka bakina ya saba. Wannan karon ban rubuta na goge ba.

"Ina son ka, Nu'uman, kuma ka sani. Amma 'to' ɗin ɗazu kuskure ne, ba zan ƙara ba. Jakar ba zan ajiye ba, jarrabawa kuma ranar da aka kira zan tafi. In za ku dawo, ku dawo neman wadda kuka gani a bakin titi. Babu wata a gidan nan."

Na tura. Alama ta nuna ya karanta. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Ina zaune a kan sallaya, wayar a tafin hannuna. Yumma ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da tob ɗin a hannu yana ɗiga, ta dubi fuskata.

Sai wayar ta hau ruri, sunansa a kai.

"Ɗauki mana," in ji Yumma.

Na ɗauka na yi sallama. Muryar da ta amsa ba ta Nu'uman ba ce.

"Suleiman ne. Yaron nan ya nuna min abin da kika rubuta. Rubutu kowa ya iya, ya bitti. Ina so ki faɗa min da bakinki."

Yumma ta girgiza min kai, idonta ya cika da roƙo. Na miƙe tsaye daga kan sallayar, don maganar ba ta zaune ba ce.

"Ammu, barka da yamma," na ce. "Ba zan ajiye ba."